Tsintar Rubutun Sanusi

Na ji abin da kuka faɗa ɗazu da na miƙa muku fayil ɗin nan na ce ku cire min tag ɗin da ke ciki. Kun ce, "Anti Rabi, ai wannan ba aiki ba ne, layi ɗaya ne, ko waya aka tambaya za ta rubuta." Ban musa ba. Amma tunda an ɗauke wuta kuma batir bai cika ba, ku juyo da kujerunku nan in ba ku labarin yadda ni na koyi aikin.

Da tafireta na fara, a wata baranda kusa da tashar motar Funtua. Kayan aikina duka jaka ɗaya ke ɗauke su: tafiretar, da ribon, da takardar kabon, da wani tsohon buroshin haƙori da nake share bakin haruffa in tawada ta toshe su. Tafiretar ba ta da ƙa, ba ta da ɗa, ba ta da ɓa. Sai in buga shafi in gama, sannan in ɗauki biro in bi kowane harafi in yi masa lanƙwasarsa. A nan Malam Istifanus ya same ni. Mutumin Gozaki ne, ya yi karatu a Zariya, ya dawo ya buɗe shago da kwamfuta a lokacin da mutanen gari ke tsayawa bakin ƙofa suna leƙenta kawai. Ya tsaya kaina yana kallon yadda nake bin haruffan nan da biro, sai ya ce, "Mai wannan haƙurin nake nema." Ran Lahadi yana coci ni ina shago, ran Juma'a in tashi da wuri shi ya zauna. Haka muka yi shekaru.

Aikin farko da na ga tag a cikinsa, wani malamin lissafi ne daga Malumfashi ya kawo. Ya samo tambayoyin jarrabawa daga intanet, yana so a buga wa ɗalibansa. Da muka buɗe, sai ga rubutu a cakuɗe da wasu alamomi masu kama da bakin kaza, ɗaya na kallon dama ɗaya na kallon hagu, da guntayen kalmomi a tsakaninsu. Malam Istifanus ya ce min su ne tag. Su ke gaya wa kwamfuta nan a ƙara wa rubutu kauri, nan a fara sabon layi, nan a sa hoto. Mai karatu a shafin intanet ba ya ganinsu, amma in aka kwaso rubutun ɗanye, tare da su yake zuwa.

Ya ce in zuba ido. Ya rubuta irin layin nan naku guda: duk abin da ke tsakanin baki mai buɗewa da baki mai rufewa, a share. Kafin ƙiftawar ido shafi ya yi fes. Malamin lissafi ya yi murna, ya karɓi takardar gwaji, ya fara karantawa, sai fuskarsa ta canja.

"Ina tambaya ta huɗu? Ina rabin ta biyar?"

Ashe alamar da masu lissafi ke amfani da ita su ce wannan lamba ba ta kai waccan ba, ita ce dai alamar buɗe tag. Layin nan da ya gan ta sai ya kama ci, bai tsaya ba sai da ya tarar da mai rufewa can ƙasa. Malam Istifanus ya san haka za a yi. Ya dube ni ya ce, "Kin gani? Wannan hanyar ba ta bambance riga da fata."

Washegari ya koya min ta gaskiya, kuma ba a kan kwamfuta ya fara ba. Wata mai nono ce ke wucewa, ya kira ta ta sauke kayanta a bakin shago. Ya ce in buɗe masakinta. Na ɗaga faifai, ga ƙwarya a ciki. Ya ce in buɗe. Na buɗe, ga ƙoƙo. Na buɗe ƙoƙon, ga curin fura.

Mai nono ta ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba a rufe min kayana, ƙuda na shiga."

Ya ce ta dama mana. Muna sha yana min bayani. Tag ba a jere suke kamar buhuna a kasuwa ba, wani a cikin wani yake zaune. Saboda haka za mu rubuta ɗan umarni guda, shi ake kira fankishin, mu ce masa: abin da aka miƙo maka, duba shi. In rubutu ne tsantsa, ajiye shi ka dawo. In mazubi ne, buɗe shi, duk abin da ka tarar a ciki ka miƙa wa kanka ka sake yin haka.

Na ce, "Malam, yaya abu zai kira kansa?"

Ya ce, "Da kika zo buɗe ƙwarya, wani hannun kika aro? Wanda ya buɗe masaki shi ya buɗe ta, shi ya buɗe ƙoƙo. Aikin ɗaya ne, mazubin ne ke ƙanƙancewa."

Da muka koma ciki ya rubuta shi, bai cika rabin allo ba. Sannan da gangan ya goge layin da ke cewa in rubutu ne tsantsa a tsaya. Ya sake shi ya kama aiki. Kwamfutar ta yi shiru, fankarta ta ɗauki gurnani, can ta watso mana jan rubutu cewa ta gaji. Ya ce, "Wannan layin shi za ki fara rubutawa kullum. Ki san inda za a tsaya kafin ki ce a tafi." Har yau da shi nake farawa.

Aikin da ya daɗe yana ciyar da shagon nan na wani malamin gona ne. Yana tattaro bayanai daga shafuka, yaushe za a yi shuka, yaya za a zuba taki, me za a yi in tsutsa ta shiga masara, mu kuma mu tsince su su zama saƙon da zai shiga ƙaramar waya irin ta manoman Maska da ƙauyukan Kafur. A nan na gane cire tag ba sharewa kawai ba ce. Wani tag ɗin bango ne tsakanin kalma da kalma. In ka ɗauke shi ba ka bar fili a gurbinsa ba, sai masara da dawa su manne su zama kalma ɗaya da ba mai gane ta. Wani tag ɗin kuma abin da ke cikinsa ba na mutum ba ne, zancen kwamfuta ne da 'yar'uwarta, wannan da shi da cikinsa ake zubarwa. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa, da yawa a lambobi suke zuwa a ɓoye. Mai gaggawa zai ɗauka datti ne ya share, sai manomi ya buɗe waya ya ga an ce ya zuba taki a "asa". Kowane irin wannan sai da na ƙara wa fankishin ɗina layi dominsa. Shi ya sa nawa ya fi naku tsawo, kuma shi ya sa nake hana ku taɓa asalin fayil. A kwafe shi a ajiye gefe, a yi aiki a kan kwafin. In an gama a karanta farko, a karanta tsakiya, a karanta ƙarshe da ido, ba da dogaro ga na'ura ba.

Da gwiwa ta fara damun Malam Istifanus ya koma Gozaki ya kama gonar gidansu, ya bar min shagon da tsohon kibod ɗinsa wanda haruffan duk sun goge. Ga shi can kan kanta, ban yar ba.

Sai shekarar da aka yanke layin waya a yankin nan saboda rashin tsaro. Wasunku suna makaranta a lokacin, kun dai san ba a kira, amma ba ku san yadda ta yi wa mai shago irin wannan ba. Babu intanet, babu saƙon manoma, malamin gona ya daina zuwa don ba inda zai aika. An hana sayar da fetur a jarka, janareta ya zauna yana tsatsa. Masu neman sabis ɗin waya sai sun hau mota sun nufi hanyar Zariya. Shagunan da ke layinmu da yawa suka rufe, wani ya koma sayar da hatsi. Ni ɗan farantin sola ne ya riƙe ni, yana iya caja laftof guda da ƙaramar firinta in rana ta yi kyau. Sai in buɗe da safe, in share, in zauna.

A cikin wannan zaman ne wata dattijuwa ta yi sallama. Inna Talatu sunanta, daga Maska. Ta zauna a kan bencin nan, ta huta, sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da filash, ɗan abin nan na adana fayil. Daga cikin leda kuma ta zaro damin takardu.

"'Yar nan, an ce ke ce mai gyara rubutun da ya lalace."

Na karɓi takardun. Tag ne birjik tun daga sama har ƙasa, sai can-can ka hango kalmar Hausa kamar ƙwayar gero a cikin ƙaiƙayi. Wani shago ne ya buga mata fayil ɗin yadda yake.

Na ce, "Inna, rubutun wa?"

Ta ce, "Na yaron ne." Ba ta faɗi suna ba, na gane ɗan fari ne. A kan takardar na ga sunan: Sanusi.

A hankali ta ba ni labari. Yana aiki a Zariya, yana da shafi a intanet inda yake rubuta labarin garinsu da gonarsu da mutanen gida, yana sa hotuna. Su ba su taɓa gani ba. Bara Allah ya yi masa rasuwa a hatsarin mota. Bayan rasuwarsa shafin ya rufe tunda ba mai kula da shi, amma wani abokinsa ya kwashe abin da ya samu ya zuba a filash, ya kawo musu ranar da ya zo gaisuwa. Maigidanta, Malam Haruna, tsohon malamin firamare ne, idonsa ya daɗe da tafiya. Ita ce ke yi masa karatu, da ɗan bokon da ta koya a ajin yaƙi da jahilci, wanda shi da kansa ya koyar da ita.

"Na zauna ina karanta masa wannan," ta nuna takardun, "ina kiran haruffan nan ɗaya-ɗaya, di, ai, bi. Ya saurara ya saurara, sai ya ce, Talatu tsaya, yaron nan bai taɓa magana haka ba."

Na ce ta bar min filash ɗin, ta dawo ran kasuwa. Ta ɗan riƙe shi kafin ta sake. Sai na kwafe fayil ɗin a gabanta na mayar mata da abinta, ta ɗaure a mayafi.

Fayil ɗin nan ya fi duk wanda na taɓa gani taurin kai. Da intanet na nan, da na sauko da kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta. Babu. Daga ni sai tsohon fankishin ɗina. Na sake shi, ya yi aikinsa, amma abin da ya fito har yanzu da datti. Da na duba sosai sai na ga lokacin da aka kwashe shafin, an sake naɗe rubutun, har su kansu alamomin tag an mayar da su lambobi. In ka warware lambobin sai sababbin tag su ɓullo daga inda da ka ɗauka rubutu ne. Na gyara umarnin: tsince, warware, in abin da ya fito ya bambanta da abin da ya shiga, miƙa wa kanka ka sake. In bai canja ba, an iso, tsaya. Akwai kuma wuraren da aka buɗe tag ba a rufe ba, ƙwarya ba murfi. Waɗannan da hannu na bi su. Rana na yin sanyi batir ya mutu, in rufe sai gobe.

Da rubutun ya fito sai ga Hausa mai daɗi, ta mutumin da ya san garinsu. Ya yi rubutu a kan rijiyar unguwarsu, a kan shekarar da auduga ta yi kyau, a kan yadda babansa ke gane ƙasar da ta gaji da ƙamshinta. Na yi abin da nake gaya muku, na ɗauki asalin na ajiye kusa da tsintaccen ina gwadawa. A nan na lura da wuraren hotuna. Hotunan kansu babu su, sun tafi da shafin, sai tag ɗin da ke cewa nan da hoto. Fankishin ɗina yana zubar da irin wannan tag ɗin tunda ba mazubi ba ne, ba komai a cikinsa. Amma a jikin tag ɗin hoto akwai ɗan gurbi da ake rubuta bayanin abin da ke hoton, saboda wanda ba ya gani ko wanda hoton bai buɗe masa ba. Yawancin mutane ba sa cike shi. Sanusi ya cike kowanne, kuma da cikakkiyar jimla.

Na ƙara layi: in ka tarar da tag ɗin hoto, kafin ka yar da shi, ciro bayanin da ke jikinsa, ka sa a layinsa daban, ka fara da kalmar "Hoto". Na buga duka da manyan haruffa masu kauri, na buɗa tsakanin layuka saboda idon Inna, na ɗinke da zare na yi masa bango da kwali.

Ran kasuwa ba ta zo ba. Wata kasuwar ma ba ta zo ba. Ba waya balle in kira. Sai na rufe shago wata safiya na shiga motar Maska, na yi tambaya aka nuna min gidan. Ashe ƙafa ce ta kumbura mata. Na same su a tsakar gida a inuwar darbejiya, Malam Haruna na kan tabarma yana ɓare gyaɗa da lalube, ita tana gefe ta miƙe ƙafar.

Muka gaisa, na yi musu ta'aziyya, aka kawo min ruwa. Na miƙa mata. Ta shafa bangon, ta buɗe, ta sa yatsa a ƙarƙashin layin farko ta fara, tana haɗa baƙi a hankali. Labarin rijiyar ne. Ba ta kai ƙarshen sakin layi ba Malam ya daina ɓare gyaɗar.

Ya ce, "Yauwa. Wannan shi ne."

Ta ci gaba. In ta yi tuntuɓe a kalma sai ya ƙarasa mata, wani lokacin tun kafin ta kai, don ya san yadda ɗansa ke jera magana. Can ta zo wani layi ta tsaya.

"Malam, nan an ce hoto. Amma ba hoton."

Na yi musu bayani cewa hotunan sun ɓace, abin da ya rage shi ne abin da ya rubuta game da kowanne.

Malam ya ce, "Ni da hoton da babu hoton ai duk ɗaya ne a wurina. Karanto min."

Ta karanta: "Hoto. Baba a bakin gonar fadama da safe, ya ɗora fartanya a kafaɗa, hularsa ta karkace hagu, yana nuna wa maƙwabci inda iyaka take."

Malam ya kai hannu ya taɓa hularsa, ya gyara ta. "Har yau haka take zama?"

Inna ta ce, "Har yau."

Ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Hajiya, kowa ke rubuta irin wannan a ƙarƙashin hoto?"

Na ce, "A'a Malam, ɗaiɗaiku ne. Don marasa gani ake yi."

Ya ɗauki gyaɗa guda yana juya ta a hannu bai fasa ba. Sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ci gaba, Talatu."

Ta yi ta karatu har inuwa ta matsa, muka ja tabarma muka bi ta. Na so in tashi don kada mota ta ƙare, Malam ya ce sai na ci tuwo. Inna ta juya shafi, ta sa yatsa, ta fara wani layin, sai muryarta ta tsaya a tsakiya.

Malam ya ce, "Kalmar ce ta yi wuya? Kira min baƙaƙen."

Ta ce, "Ba ta yi wuya ba." Ta goge ido da bakin zane, ta sake daga farko. "Hoto. Inna a ƙofar madafa, da ludayi a hannu, tana dariya har ta dafa bango. Ba ta san na ɗauka ba."

Kaji na gefe suna tsattsagar ɓawon gyaɗa.

Malam ya ce, "To me kike yi wa dariya haka?"

Ta dubi takardar. "Kai nake yi wa. Ranar da tunkiyar nan ta ja ka da igiya har cikin kwatami, kana ta yi mata Turanci."

"Ban faɗa ba ai. Durƙusawa na yi."

"Ka faɗa, Malam. Yaron ne ya ɗago ka."

Ya yi dariya har da tari, ita ma ta yi, hawayen na nan a fuskarta. Da ya lafa sai ya lalubo hannunta, ya mayar da yatsanta kan takardar.

"Sake karanta min wannan," ya ce. "A hankali. Ina so in gan ki."